Hoton Gidan Kongo-Rasha

Laifin Salim ne, ko a gaban wa za a faɗa. Shi ya zo ƙaramar Sallah daga Legas a shekarar 2007 da wata 'yar kyamara mai launin azurfa, ba ta fi sabulun wanka girma ba, irin sababbin nan da ba a sa musu fim. Ya tsaya a kan mahaifinsu, Malam Ibrahima, ya danna, ya juya masa bayanta. Sai ga tsohon a ɗan gilashi, da hularsa a karkace da bargonsa a gwiwa, ko minti ɗaya ba a yi ba.

Malam ya daɗe yana kallon kansa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye maganarsa ta yi nauyi, 'yarsa Murjanatu ce kaɗai ke jin ta daidai. Don haka da ya yi magana sai Salim ya waiwaya wajenta.

"Cewa ya yi, ba sai an kai wanki ba?"

"Ba sai an kai ba, Baba. Nan take."

Malam ya sake motsa baki. Wannan karon Murjanatu ba ta maimaita ba, ta tsaya riƙe da farantin tuwo. Amma maganar ta fita tas, har Salim ya ji da kunnensa.

"To, a je a ɗauko mini gidana."

Kuma wai Salim, ɗan boko, mai aiki a Legas, ya rasa abin faɗa sai "An gama, Baba." Washegari da hantsi ya bi motar Legas, ya bar kyamarar a kan taga da wayar cajinta. Abin da ya ce wa yayarsa a bakin ƙofa bai wuce wannan ba: "Yaya, ki san yadda za ki yi. Abu ne mai sauƙi, dannawa kawai ake."

Sauƙi! A bakin wanda zai tafi, komai sauƙi ne.

Gidan da Malam yake nufi yana unguwar Kongo-Rasha, cikin garin Jos. Shi ya gina abinsa da ribar dillancin shanu, ɗaki bayan ɗaki, yana tsaye a kan magina yana musu da su a kan kowane bulo. Sati biyu kafin rikicin da aka yi a Jos a 2001 ciwon ya buge shi, aka kwantar da shi a asibiti. Yana can a kwance wuta ta ci gidan, kamar yadda ta ci na mutane da yawa ta kowane ɓangare. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki mummunan labari ba. Sai 'ya'yan suka haɗa baki. Da aka sallame shi suka wuce da shi wasu ɗakuna biyu na haya a Dutse Uku, suka ce unguwa ce ba ta gama lafawa ba, amma gida na nan garau a kulle, tsohon maƙwabcinsa Chollom na sa ido.

An yi maganar ne don wata ɗaya ko biyu. Ga shi ta shekara shida.

Su uku suka ƙulla ta, amma mutum ɗaya ke ɗauke da ita. Abdurrahim, babbansu, yana Kano da iyalinsa. Salim yana Legas. Murjanatu ce a gida, mijinta ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, sai kowa ya ga ai ita ce ta dace. Ita ke juya tsohon, ita ke yi masa alwala, ita ke tare duk mai zuwa dubiya a bakin ƙofa ta ja shi gefe ta ce, don Allah kada a yi zancen gida. Mutane ba sa son a koya musu abin da za su faɗa. Abokan Malam na kasuwar shanu suka riƙa ja da baya ɗaya bayan ɗaya, ƙawayenta ma haka, har ta kai sai a yi sati babu wanda ya yi sallama sai mai ruwa. Wani lokaci tana wanke-wanke sai ta ji tana magana da tukunya, ta yi shiru don kunya, alhali ba kowa.

Kwana huɗu tana zille-zille. Ta ce batir ne ba caji, ta ce hadari ya haɗu. A rana ta biyar Malam ya ture kofin kunu da hannunsa mai lafiya.

"Uwata," ya ce. Haka yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. "Ƙofa nake so in gani. Da rijiya, da bishiyar piyar da tsohuwarku Hajara ta dasa. Shi ke nan. Ki gaishe mini da Chollom."

Chollom kuwa shekararsa biyu a ƙasa. Wannan ma ba a faɗa masa ba, don in babu Chollom wa ke gadin gidan?

Ta roƙi matar maƙwabta ta riƙa leƙa tsohon na awa biyu, ta sa kyamarar a jaka, ta hau acaɓa. Tafiyar ba ta kai minti goma sha biyar ba. Abin ya ba ta haushi, wallahi, a ce wurin da ta yi shekara shida tana tsoro yana nan kusa haka.

Bangon gaba na tsaye, da koren ƙyauren ƙarfe, har lambar da ma'aikatan ƙidaya suka rubuta da alli mai mai ba ta goge ba. Kwaɗo babu, an daɗe da ɓalle shi. Ta tura, ta shiga zaure, ta ɗaga kai sai ta ga sama. Babu kwano ko ɗaya. Ɗakunan sun zama bangaye guntu-guntu, wasu iya ƙugu, wasu iya gwiwa, baƙin hayaƙi ya bi ruwan damina ya zubo a jikinsu layi-layi. Ciyawa da tafasa sun cinye tsakar gida. Amma rijiya na nan da dakalinta na siminti, piyar ma na nan. Ta ƙone ta gefe ɗaya, ta sake tofo ta ɗayan, ta yi girman da Murjanatu ba ta san ta da shi ba.

Ba ta yi kuka ba, lokaci bai ishe ta ba. Ta ciro kyamarar ta miƙa hannu can nesa da jiki kamar mai riƙe da ɓera ta wutsiya, ta danna. Ta juya, ta danna. Ta yi ta dannawa har sau ashirin, sannan ta koma inuwar bango ta duba.

Innalillahi! Abin da ta gani a gilashin ya fi wanda ke gabanta muni. Ga rijiyar can ƙanƙanuwa a tsakiya, ga ƙonannun bangaye sun kewaye ta dama da hagu. A wani hoton ƙasa ta karkace kamar gidan zai zube cikin kwata. A wani yatsanta ya rufe rabi. A wani piyar ta zama baƙin dunƙule saboda rana na bayanta. Babu ko ɗaya da za a nuna wa mai lafiya, balle mai ciwon zuciya.

"Wane ne a nan? Me ake nema?"

Wata mata ce a bakin zaure, 'yar gajera, da wandon jins da hular saƙa. Suka kalli juna. Murjanatu ce ta fara ganewa, saboda wushiryar.

"Chundung?"

"Murja? Yesu! Murja, ke ce?"

Chundung 'yar Chollom ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tare suka yi firamare, tare suka sha duka a kan satar gwaiba. Ta taho da gudu kamar za ta rungume ta, sai ta tsaya saura taku ɗaya, suka kama hannun juna kawai. Murjanatu ta yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekara biyu. Chundung ta tambayi jikin Baba Malam. Daga nan zance ya ƙare, suka tsaya cirko-cirko, kowace na kallon ciyawa.

Kyamarar ce ta cece su. Chundung ta hango ta, ta ce, "Ah-ah, kin zama mai hoto ne? Za ki kashe mini kasuwa?" Ashe shagon hoto ta buɗe a gaban gidansu, tana ɗaukar fasfo da bukukuwa.

Murjanatu ba ta yi niyyar faɗa ba. Amma shekara shida ba ta samu wanda za ta gaya wa ba, sai maganar ta zubo da kanta, tun daga asibiti har kofin kunun da aka ture. Ta faɗa har da gaisuwar da aka aiko wa Chollom. Chundung ta juya baya ta fyace hanci, ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo sai ta miƙa hannu.

"Kawo in gani."

Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana tsaki. "Kai, Murja. Ko a makaranta haka kike, a ce ki zana kofi ki zana har teburin da ajin." Ta nuna mata wani maɓalli mai hoton kwandon shara, suka share su duka, gilashin ya koma wayam.

"Ki saurara. Idonki yana zaɓe, kyamara ba ta zaɓe. Ke rijiya kike kallo, ita kuwa duk abin da ke gabanta take kwasowa, wawiya ce. Ke za ki hana ta. Me Baba ya ce yana so?"

"Ƙofa, da rijiya, da piya."

"To hoto ɗaya, abu ɗaya. Mu fara da ƙofa."

Suka fita titi. Murjanatu ta tsallaka can ɗaya gefen, Chundung ta jawo ta da mayafi.

"Ina za ki? Daga can za a ga babu rufi. Matso. Ƙara matsowa. Ki cika hoton da ƙofar har kada a sami wurin wani abu. Kuma ki daina miƙa hannu haka, ba cizo take ba. Manna gwiwar hannunki a haƙarƙari. Yanzu kafin ki danna, ki bi kusurwa huɗu da ido. Sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu. Me kika gani?"

"Sararin sama, ta inda kwano ya kamata ya kasance."

"Sunkuyar da ita kaɗan. Yanzu fa?"

"Babu."

"Ɗauke numfashi. Danna a hankali, kada ki soke ta."

Sai ga ƙofar gidansu. Kore, da ɗan tsatsa a ƙasa, da lambar ƙidaya, da dakalin da Malam ke zama da la'asar. Duk wanda ya gani zai rantse in ya ƙwanƙwasa za a amsa daga ciki. Murjanatu ta ƙura wa gilashin ido. Ta ji daɗi, ta kuma ji tsoron daɗin da ta ji.

Suka koma ciki. Chundung ta latsa wani wuri, sai layuka suka fito a gilashin, biyu a tsaye biyu a kwance, kamar gidan dara.

"Kin ga inda layukan suka haɗu? Nan ake ajiye abu mai muhimmanci. Kada ki dasa shi a tsakiya, wannan sai fasfo. Rijiya a nan ƙasa ta hagu, piya ta hau wannan layin na dama. Layin kwance kuma ki daidaita shi da gindin katangar baya, shi zai hana gidan karkacewa. Rana ki bar ta a kafaɗarki, kada ki fuskance ta. Sannan ki riƙa duba bayan abin da kike ɗauka, nan ne ake jin kunya. Na taɓa ɗaukar ango da turken lantarki ya tsiro masa a ka, har yau matarsa ba ta gaishe ni."

Murjanatu ta yi dariya. Sautin ya ba ta mamaki, ta daɗe ba ta ji shi ba.

Suka gwada daga bakin zaure, ƙonannen kicin ya shigo ta dama. Suka gwada daga wajen turken raguna, ɗakin samari ya shigo ta hagu da baƙin bangonsa. Murjanatu ta gano maɓallin da ke jawo abu kusa, ta fara murnar ta samu mafita, Chundung ta buge mata yatsa.

"Bar wannan, hoton zai dushe. Ƙafa gare ki. In abu bai zauna ba, ke ki matsa. Gaba, baya, gefe, ki durƙusa in ta kama. Akwai wuri ɗaya da komai zai zauna daidai, kullum akwai shi. Nemansa ne aikin."

Ana haka wani mutum ya leƙo yana kiran madam, yana son fasfo na gaggawa. Chundung ta ce tana zuwa, ta bi shi. Murjanatu ta rage ita kaɗai a gidan ubanta.

Ta ajiye jaka ta fara neman wurin. Ta yi dama, kicin ya leƙo. Ta yi hagu, ya fita, amma kan piyar ya yanke. Ta ja baya taku biyu, kan piyar ya dawo. Ta ƙara ja, idonta na kan gilashi, dugaduganta suka yi karo da wani ɗan tudun bulo a cikin ciyawa, ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi da baya ba tare da ta duba ba. Taku ɗaya, biyu, uku. Ta ɗan durƙusa.

Nan ne. Rijiya ta zauna a mahaɗar layi ta hagu. Piya ta miƙe a dama da gefenta mai ganye. A bayansu katangar baya ce, wadda wuta ba ta taɓa ba, a bayanta kuma duwatsu da farin gajimare. Ta bi kusurwa huɗu. Babu baƙi ko ɗigo.

Ciyawa ce kawai ta yi yawa. Ta ajiye takalminta ɗaya a wurin don kada ya ɓace mata, ta je ta duƙa tana tuge ciyawar da hannu. Ba duka tsakar gidan ba, iya abin da zai shiga hoto. Takan koma kan takalmin ta duba, ta ga saura wani ɗan gefe, ta dawo ta tuge. Ta karya reshe ta share ƙasar. Ta tsinci wani tsohon bokiti, ta juya ɓangaren da ya huje baya, ta ɗora shi a dakalin rijiya. Hannunta ya yi kanta, bayanta ya riƙe, kuma duk tsawon aikin babu abin da take ji sai rediyon wani gida can nesa.

Ta koma, ta manna gwiwar hannu, ta ɗauke numfashi, ta danna.

Da Chundung ta gani a shago sai ta dafa ƙirji. "Murja! Ke kika ɗauki wannan? Wallahi ko ni sai haka." Ta sa katin kyamarar a wata 'yar na'ura, hotuna biyu suka fito da ɗuminsu, manya, masu sheƙi. Ta sa su a ambulan, ta ƙi ko sauraron zancen biya. Ta rako ta har bakin titi.

"Ki riƙa zuwa mana."

"In sha Allahu. Ke ma ki zo."

"Zan zo."

Ba wadda ta tambayi lambar wayar 'yar'uwarta. Sai da acaɓa ya sha kwana Murjanatu ta tuna, kuma ba ta ce ya tsaya ba.

Ta samu Malam ya idar da azahar a zaune. Ta jingina shi da filo biyu, ta goge masa tabarau, ta buɗe labule don haske ya shigo. Ta fara miƙa masa na ƙofar.

Ya riƙe shi da hannunsa mai lafiya, ya kawo kusa da fuska. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. "Tana son fenti," ya ce. Ya shafa dakalin da babban yatsa. "Chollom ya tsufa, bai iya shafa mai a ƙyaure ba." Ya yi 'yar dariya har da tari. Murjanatu ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Ta ce a ranta, Allah na gode, an wuce.

Ta miƙa na biyun.

"Masha Allah," ya ce. "Dubi piya. Dubi piyar Hajara." Hawaye ya taru a idonsa, bai share ba. Ya kalli rijiyar, ya kalli katangar, ya kalli duwatsun. Ya daɗe. Sannan ta ga murmushin yana janyewa a hankali. Ya nisanta hoton da fuskarsa, ya sake kusanto da shi, ya karkata kai irin yadda yake yi a da in an kawo masa saniyar da ake ɓoye wa aibi.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"A ina kika tsaya?"

"A tsakar gida mana."

"A'a." Ya girgiza kai. "Daga tsakar gida rijiya takan rufe gindin piya. In daga zaure ne, sai kicin ya fito. Nan rijiya na hagu, piya na dama, ga katanga gaba ɗaya." Ya ɗora hoton a cinya ya sa yatsa a gefensa na ƙasa, wajen da babu komai sai sharar da ta yi. "Mai wannan hoto yana cikin ɗakina."

Sai a lokacin ta tuna ɗan tudun bulon da ta tsallake.

"Ta taga na..."

"Ɗakina ba shi da taga ta cikin gida. Ni na hana a yi. Baƙi nake saukewa, ban so su riƙa kallon iyalina." Numfashinsa ya fara fita da ƙyar, amma maganar ba ta taɓa fita sarai irin na yau ba. "Bulo mai inci tara na sa a bangon nan. Kin tsaya a inda gadona yake, kina hango rijiya. Ina bangon?"

Ta buɗe baki. Shekara shida tana da amsa a shirye kafin ya gama tambaya, yau ta laluba ko'ina ba ta samu ba. Ta durƙusa a gaban gadon ta kama ƙafarsa marar motsi, wadda ko ta matse ba zai ji ba.

"Ya faɗi, Baba."

"Shi kaɗai?"

Ta girgiza kai.

"Wuta?"

"Wuta."

"Yaushe?"

"Kana asibiti."

Ya rufe ido. Ta zuba wa ƙirjinsa ido tana jiran abin da likita ya faɗa, hannunta ɗaya ya riga ya kai kan kwalbar magani. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Zuciyar da aka yi shekara shida ana tsaro ta ɗauki labarin, ba ta tsaya ba. Murjanatu ta rasa ko godiya za ta yi ko ihu.

"Chollom fa? Me yake gadi?"

"Baba Chollom ya rasu. Shekara biyu ke nan."

"Allahu akbar." Ya shafa fuskarsa. "Ban yi wa iyalinsa gaisuwa ba."

"Na yi musu yau."

"Yau." Ya buɗe ido, amma ba ita yake kallo ba. "Abdurrahim ya sani?"

"Ya sani."

"Salim?"

"Shi ma."

"Alhaji Buba da ya zo bara, na ce masa in mun koma zan gyara zaure, ya ce Allah ya nuna mana?"

"Ni na roƙe shi, Baba. Kowa ni na roƙa. Likita ne ya ce... Don Allah ka yafe mini."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da ma zagi ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya ɗauki hoton ya sake dubawa, a natse, kusurwa zuwa kusurwa.

"Kullum bayan asuba nakan shiga," ya ce. "In buɗe zaure, in duba raguna, in ɗebi ruwa. Ɗaki-ɗaki nake bi. Ina cewa ku ma kuna shiga." Ya kife hoton a kan bargo. "Ashe ni kaɗai ne a ciki."

"Baba..."

"Hoton ya yi kyau, Uwata. Kin iya." Ya juyar da fuskarsa wajen bango. "Ja mini ƙofar."

Tun da suka zo Dutse Uku ba a taɓa rufe ƙofar nan da rana ba, don ta riƙa jin motsinsa. Ta tashi ta ja ta. Ta tsaya a waje da hannunta a kan mariƙin, ta kasa saki, ta kasa komawa. Can ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina kunnenta da katakon. Tana jin numfashinsa daga ciki, bai kira ta ba har aka yi kiran la'asar.